Akantan Gudanarwa da Neman Matsayi: Tarihin Ƙungiyoyin da ke Ba Shi Shaidar Ƙwarewa

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci akanta, abin da yakan fara faɗo wa mutane a rai shi ne mutumin nan da ake gayyatowa daga waje a ƙarshen shekara, ya duba littattafan kamfani, sa'an nan ya sa hannu cewa lissafi ya yi daidai. Wannan shi ne mai binciken kuɗi, ko odita. Amma akwai wani akantan daban wanda ke zaune cikin kamfanin, yana ɗaukar albashi kamar sauran ma'aikata. Aikinsa shi ne ya gaya wa shugabanni nawa kowane kaya ya ci kafin ya fito daga masana'anta, wane sashe ne ke kawo riba, wane ne ke cinye ta, da kuma abin da zai biyo baya in an ƙara farashi ko an sayi sabon inji. Shi ne ake kira akantan gudanarwa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin ƙungiyoyin da ke ba wa irin wannan akanta shaidar ƙwarewa, tun daga kafuwarsu a 1919 har zuwa haɗe-haɗen da suka yi a wannan ƙarni. Za a ga cewa matsala guda ce ta bi su tun daga farko, watau ko mutumin da ke ƙarƙashin ubangida, yana cin albashinsa, zai iya zama ma'abucin sana'a mai ikon faɗin gaskiya kamar likita ko lauya. Jarrabawar da suka tsara, da sunayen da suka yi ta sauyawa, da ƙa'idojin ɗa'a da suka shimfiɗa, duk ƙoƙari ne na amsa wannan tambaya.

2.0 Sana'ar Kafin a Kafa Mata Ƙungiya

Lissafin kuɗin sarrafawa, watau ƙididdige abin da kaya suka ci wajen yin su, ya girmi ƙungiyoyinsa nesa ba kusa ba. A shekarar 1772, lokacin da kasuwa ta ja baya a Ingila, Josiah Wedgwood, mai masana'antar tangaram, ya zauna ya ƙididdige abin da kowane tulu ke ci na yumɓu da ladan ma'aikata da makamashi da haya. Ya gano cewa akwai kuɗaɗen da ba su raguwa ko da an rage aiki. Alal misali, a ɗauka hayar gida fam 100 ce. In an yi tulu 100, kowane tulu ya ɗauki fam ɗaya ke nan. In kuwa an yi 1,000, to kashi ɗaya cikin goma na fam kaɗai zai hau kan kowanne. Wannan bambanci tsakanin kuɗin da ke tsaye da wanda ke bin yawan aiki shi ne ginshiƙin sana'ar har gobe.

A ƙarni na 19 kamfanonin jirgin ƙasa da na ƙarfe a Amurka suka faɗaɗa wannan lissafi, aka kuma san Andrew Carnegie da nacin ganin takardun abin da kowane tan na ƙarfe ya ci. A Landan, Emile Garcke da John Manger Fells suka wallafa littafi a kan lissafin masana'anta a 1887. A 1911 kuma Frederick Taylor ya fitar da littafinsa a kan tsara aiki ta hanyar auna lokacin da kowane motsi na ma'aikaci ke ɗauka. Daga irin wannan tunani aka sami dabarar ƙayyade abin da ya kamata kaya su ci tun kafin a fara aiki, daga baya a gwada da abin da suka ci a zahiri, a nemi dalilin bambancin.

Sai dai masu wannan aiki ba su da wani matsayi. Galibinsu akawuna ne ko injiniyoyi da suka koyi lissafin a bakin aiki. Masu binciken kuɗi kuwa sun riga sun yi nisa. Ƙungiyarsu ta Edinbara ta sami takardar amincewar Sarauta tun 1854, ta Ingila da Wales kuma a 1880. Dokar kamfanoni ta 1900 ta wajabta binciken littattafan kamfanoni masu rajista, abin da ya ƙara musu kasuwa da daraja. Hanyar shiga cikinsu ita ce mutum ya yi shekara biyar yana koyon aiki a ofishin wani ɗan ƙungiya, bayan iyayensa sun biya kuɗi masu kauri. Ɗan talaka da ke aikin akawu a masana'anta ba shi da halin wannan.

3.0 Yaƙin Duniya na Farko da Shekarar 1919

Yaƙi ne ya ɗaga darajar akawun masana'anta. A 1915 gwamnatin Birtaniya ta kafa Ma'aikatar Kayan Yaƙi a ƙarƙashin Lloyd George. Harsasai da igwa ba kaya ne da ake taya su a kasuwa ba, saboda haka babu farashin da za a dogara da shi. Sai gwamnati ta koma biyan 'yan kwangila abin da kayan suka ci tare da ƙarin riba, ta kuma ba kanta ikon duba littattafan masu masana'antu. Nan take mutumin da ya iya fitar da wannan lissafi ya zama abin nema, ga gwamnati da ke tsoron a cuce ta, da kuma ga mai masana'anta da ke tsoron ya faɗi. Da Amurka ta shiga yaƙin a 1917, ita ma irin wannan kwangila ta yi amfani da ita.

Da aka ƙare yaƙi, waɗannan mutane ba su yarda su koma inda suka fito ba. A 1919 aka kafa Cibiyar Akantocin Kuɗin Sarrafawa da Masana'antu a Ingila. A cikin wannan shekara ɗin dai aka kafa Ƙungiyar Akantocin Kuɗin Sarrafawa ta Ƙasa a birnin Buffalo na Amurka, J. Lee Nicholson ya zama shugabanta na farko. Kanada ta biyo baya da tata a 1920.

Ƙungiyoyin biyu na farko sun ɗauki hanyoyi daban. Ta Amurka dandalin ilmi ce: tana shirya taruka, tana buga mujalla, ƙofarta a buɗe ga mai sha'awa, kuma ta yi fiye da shekara hamsin ba ta ba da wata takardar shaida ba. Ta Ingila kuwa tun da wuri ta tsara jarrabawa, domin burinta shi ne ta zama tsarar ƙungiyar masu binciken kuɗi. Abin lura shi ne, wanda ta zaɓa shugabanta na farko ba akanta ba ne. Lord Leverhulme ne, attajirin da ya yi arziki da sabulu, mai kamfanin Lever Brothers. Shi ne kuma wanda kamfaninsa ya sayi Kamfanin Neja a 1920, wanda ke sayen gyaɗa da fatu a Arewacin Nijeriya, kafin a haɗe shi da wani a 1929 a sami kamfanin UAC. Zaɓen irin wannan mutum ya ba sabuwar cibiyar suna da kwarjini, amma kuma ya nuna a fili a hannun wa abincin 'ya'yanta yake.

4.0 Takardar Sarauta da Gardamar 'Yanci

A Birtaniya, alamar cewa sana'a ta cika sana'a ita ce ta sami takardar amincewar Sarauta ta hannun majalisar masu ba Sarki shawara. A farkon shekarun 1920 sabuwar cibiyar ta nemi wannan takarda. Ƙungiyar masu binciken kuɗi ta Ingila da Wales ta ƙi amincewa, aka kuma hana. Hujjar masu sukar ita ce, waɗannan mutane ma'aikatan 'yan kasuwa ne, ba masu zaman kansu da ke yi wa jama'a hidima ba.

Ya kamata a auna wannan hujja da adalci, domin ba kishi kaɗai ne a cikinta ba. Mai binciken kuɗi yana da abokan hulɗa da yawa. In ya ƙi sa hannu a kan ƙarya, ɗaya kawai zai rasa. Akantan cikin gida kuwa ubangida ɗaya gare shi, in ya ƙi, abincinsa ne gaba ɗaya ke tafiya. To ta yaya takardar shaida za ta zama lamuni ga jama'a, alhali mai riƙe da ita ba shi da ikon cewa a'a? Amsar da 'yan cibiyar suka dogara da ita ita ce ta ilmi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: wanda ke cikin masana'anta kullum ya fi baƙon ƙarshen shekara sanin inda dukiya ke zurarewa, kuma wannan sani yana bukatar horo da jarrabawa kamar kowane fanni. Amma wannan amsa ta tabbatar da ƙwarewa ce kurum, ba ta taɓa batun 'yanci ba.

Gardamar ta daɗe. A 1970 aka kawo shawarar haɗe manyan ƙungiyoyin akantoci shida na Birtaniya da Ailan, amma 'yan ƙungiyar Ingila da Wales suka kada ƙuri'ar ƙi. Abin da aka samu a madadin haka shi ne kwamitin tuntuɓar juna da aka kafa a 1974. Sai a 1975 cibiyar ta sami takardar Sarautar da ta nema, bayan jiran fiye da shekara hamsin.

5.0 Sauyin Sunaye

Ga mai nazarin harshe, sunayen waɗannan ƙungiyoyi su kansu tarihi ne. Sunan farko ya ɗaure akantan a masana'anta, kusa da inji da ma'ajin kaya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wata tawagar Birtaniya ta ziyarci Amurka domin ganin sirrin yawan abin da masana'antunta ke fitarwa, ta kuma wallafa rahoto a 1950 wanda ya yaɗa kalmar lissafin gudanarwa a Ingila. Ma'anar kalmar ita ce, aikin akanta bai tsaya ga ƙirga abin da aka riga aka kashe ba, ya haɗa da tsara kasafin kuɗi da auna shawarar da shugabanni za su yanke.

Daga nan sunaye suka fara bin wannan ma'ana. Ƙungiyar Amurka ta jefar da kalmar kuɗin sarrafawa a 1957, ta zama Ƙungiyar Akantoci ta Ƙasa, sa'an nan a 1991 ta koma Cibiyar Akantocin Gudanarwa, wadda aka fi sani da IMA. Ta Ingila ta cire kalmar masana'antu ta sa gudanarwa a 1972, a 1986 kuma ta cire kuɗin sarrafawa ɗungurungum, ta ɗauki sunan da ake taƙaitawa CIMA. A kowane sauyi, akantan yana ƙara nisa da ƙurar masana'anta, yana matsowa kusa da teburin shugabanni.

A ƙasashen da Birtaniya ta mallaka, gwamnati ce ta ba da matsayin ta hanyar doka. An kafa cibiyar Indiya a 1944, majalisar dokoki ta yi mata doka a 1959. Gyaran dokar kamfanoni na 1965 ya ba gwamnatin Indiya ikon tilasta wa wasu masana'antu ajiye lissafin kuɗin sarrafawa da kuma bincikensa, abin da ya ba 'yan cibiyar wani aiki na doka wanda takwarorinsu na Ingila da Amurka ba su da shi. Ta Pakistan an kafa ta a 1951, ta sami dokarta a 1966.

6.0 Sharuɗɗan Shaidar Ƙwarewa

Duk da bambancin tarihi, sharuɗɗan da ƙungiyoyin suka tsaya a kai sun yi kama da juna. Na farko jarrabawa. Ƙungiyar Amurka ta fara ba da shaidar CMA a 1972, kuma tun 2010 jarrabawar kashi biyu ce, ɗaya a kan tsara kuɗi da auna aiki, ɗaya a kan sarrafa dukiya da yanke shawara. CIMA kuwa ta kasa karatunta mataki-mataki, daga na ayyukan yau da kullum, zuwa na gudanarwa, zuwa na tsara dabarun kamfani, kowane mataki yana ƙarewa da jarrabawar da ake ba ɗalibi labarin wani kamfani a ce ya ba da shawara. Na biyu sanin makamar aiki: IMA na neman digiri da shekara biyu a bakin aiki, CIMA na neman shekara uku. A nan ne suka saɓa wa tsohuwar al'ada, domin ɗalibi yana samun wannan horo ne a kamfanin da yake aiki, yana ɗaukar albashinsa, ba sai ya biya wani ya koya masa ba. Wannan ya buɗe ƙofa ga waɗanda ba su da gata. Na uku ci gaba da karatu bayan samun shaida. Mai riƙe da CMA tilas ya yi sa'a 30 na ƙarin ilmi kowace shekara.

Abin da ake koyarwa ma bai tsira daga suka ba. A 1987 wasu malamai biyu na Amurka, Thomas Johnson da Robert Kaplan, suka wallafa littafi suna cewa kusan duk dabarun sana'ar an gama ƙirƙiro su tun wajen 1925, kuma lissafin cikin gida ya zama baran rahoton da ake kai wa masu hannun jari, har ba ya gaya wa shugabanni gaskiyar abin da kaya suka ci. Daga wannan suka aka sami hanyar raba kuɗaɗen gama-gari bisa ayyukan da suka jawo su, aka kuma sami ma'aunin da Kaplan da David Norton suka gabatar a 1992, wanda ke auna kamfani ta fuskar abokan ciniki da ingancin aiki da horon ma'aikata, ba ta riba kaɗai ba. Duka biyun sun shiga manhajar jarrabawa.

Sharaɗi na huɗu shi ne ɗa'a, kuma shi ne ya fuskanci tsohuwar gardamar nan kai tsaye. A 1983 ƙungiyar Amurka ta fitar da ƙa'idojin ɗa'a ga akantocin gudanarwa, waɗanda suka ƙunshi ƙwarewa da riƙe sirri da gaskiya da rashin son zuciya. Ta kuma shimfiɗa hanyar da ɗan ƙungiya zai bi in an umarce shi da abin da bai dace ba: ya kai wa na gaba da shi, in shi ne mai laifin ya tsallake zuwa na sama, har zuwa hukumar daraktoci, in duk abin ya faskara ya ajiye aiki. Watau ƙungiyar ta ɗora masa wani nauyi da ya wuce biyayya ga ubangida, ta kuma riƙe ikon ƙwace shaidarsa in ya saɓa.

Abin da ya faru a kamfanin sadarwa na WorldCom a 2002 ya nuna cewa batun ba na takarda kawai ba ne. A can, bisa umarnin manya, ma'aikatan sashen lissafi suka riƙa rubuta kuɗin da aka kashe na yau da kullum a matsayin jari, domin riba ta kumbura. Adadin da aka fara bayyanawa ya kai dala miliyan dubu uku da ɗari takwas. Ma'aikatan binciken cikin gida na kamfanin ne suka tono maganar, a ƙarƙashin Cynthia Cooper. Kamfanin ya durƙushe, dubban mutane suka rasa aiki, wasu daga cikin waɗanda suka bi umarnin suka amsa laifi a kotu. A gida ɗaya aka sami ma'aikacin albashi da ya bi, da wanda ya ƙi. A wannan shekara Amurka ta yi dokar Sarbanes da Oxley, wadda ta tilasta wa shugaban kamfani da babban jami'in kuɗinsa su sa hannu da kansu a kan gaskiyar rahoton kuɗi.

7.0 Haɗewa

A wannan ƙarni katangar da ke tsakanin akantan ciki da na waje ta fara rushewa, musamman da yake da yawa daga cikin waɗanda suka sami shaidar binciken kuɗi su ma a kamfanoni suke aikin albashi. A 2012 CIMA da babbar ƙungiyar akantoci masu lasisi ta Amurka suka ƙirƙiro shaidar haɗin gwiwa mai suna CGMA, a 2017 kuma suka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiya guda. A Kanada, inda aka daɗe da ƙungiyoyi uku masu gasa da juna, an kafa ƙungiya ɗaya ta ƙasa a 2013, shaidar akantan gudanarwa ta narke cikin shaidar CPA. IMA ta ci gaba da zaman kanta.

Nijeriya ba ta bi tafarkin rabuwa irin na Ingila ba tun asali. Akintola Williams, wanda ya sami shaidarsa a Ingila a 1949, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar akantoci a 1960, wadda Doka ta 15 ta 1965 ta mayar ICAN. Wannan ƙungiya ta ƙunshi masu binciken kuɗi da ma'aikatan kamfanoni da na gwamnati, lissafin gudanarwa kuwa yana cikin darussan jarrabawarta. Ƙungiya ta biyu, ANAN, an kafa ta a 1979, ta sami dokarta a 1993, tana kuma horar da ɗalibanta a kwalejinta da ke Jihar Filato. Bambancin da ke tsakaninsu ya fi shafar hanyar shiga sana'ar, ba wurin da akanta ke aiki ba. Masu son shaida ta musamman a fannin gudanarwa sukan zauna jarrabawar CIMA ko ta IMA.

8.0 Kammalawa

An ga yadda akawun masana'anta, wanda ba shi da ƙungiya kafin 1919, ya sami jarrabawa da suna da takardar Sarauta, har waɗanda suka ƙi shi a shekarun 1920 suka zo suna zama da shi a kwamiti ɗaya. Ta fuskar ilmi, ƙungiyoyin sun ci gardamar. Ta fuskar 'yanci kuwa, abin da suka iya yi shi ne su ba ɗan ƙungiya ƙa'idar da zai kafa hujja da ita, da hanyar kai ƙara, da barazanar ƙwace shaida. Ba su da ikon mayar da shi bakin aiki in an kore shi saboda ya ƙi yin ƙarya. Wannan hurumin dokar ƙasa ne da kotuna. Saboda haka darajar shaidar akantan gudanarwa a kowace ƙasa ta rataya ne a kan abu biyu: tsananin ƙungiya wajen hukunta 'ya'yanta da suka bi umarnin ɓarna, da kuma kariyar da doka ke ba wa waɗanda suka ƙi bi.